Na Sa, Ba Na Sha Ba

Auta tana goge tabaran da ke jere a bangon shago, hasken la'asar yana wasa a kan gilasansu, sai wani dogon saurayi ya turo ƙofa riƙe da tabarau mai karyayyen hannu.

"Shannu da aiki," in ji shi.

Ta ɗago. Kafin ta amsa ya rufe baki da tafin hannu, ya sunkuyar da kai.

"Yi haƙuri. Jiya likita ya ba ni robar gyaran haƙori. Har yanzu harshena bai shaba da ita ba."

Sai da ta ƙura ido sannan ta hango ta, siririya, garau kamar ruwa, ta lulluɓe haƙoransa. Ta danne dariyarta, ta karɓi tabaran. Aikin minti biyar ne, amma ranar ƙaramar ƙusar hannun ta yi ta suɓuce mata har kusan rabin awa, shi kuma bai ko dubi agogo ba.

Mai zanen gine-gine ne a ofishin da ke saman bene. Daga ranar tabaransa suka shiga lalacewa duk mako. Ita ta laƙaba masa Malam Shannu, shi kuma yana kiran ta Haskena.

Duk bayan sati biyu yakan canja sabuwar roba, tsamin bakin ya dawo na kwana uku ko huɗu. Likita ya ce ya riƙa karatu a bayyane don harshe ya sake. Sai ya zama idan ta rufe shago, su zauna a bencin lambun bayan ginin, yana karanta mata duk abin da ya samu, har takardar da ke cikin kwalin maganin ɗigon ido. Takan lumshe ido ta ji muryarsa tana tafiya da ita wani wuri mai nisa, gida mai manyan tagogi irin waɗanda yake zanawa.

Wata safiya saƙonsa ya shigo: "Haskena, na zaɓi rubutu ne don kada harafi ɗaya ya karkace. Ina son ki. Ina son in tsufa ina kallon ki ta cikin tabaran da kika gyara."

Ta rubuta: "Na karanta sau bakwai. Amma da bakinka nake so in ji, ko da shon ne. Shi ne nawa."

Baba, mahaifin Auta, tsohon shugaban makaranta, mutum ne da ke auna mutane da lafazinsu. Akwai kuma wani lauya, ɗan amininsa, mai magana kamar ana zuba zuma, wanda ya daɗe yana kawo gaisuwa. Duk da haka Baba ya yarda saurayin ya zo.

Aka yi rashin sa'a, ranar ta dace da sabuwar roba. Malam Shannu ya zauna a bakin kujerar falo, gumi yana tsattsafo masa, kalmomi suna zame masa. Baba ya saurara, ya haɗa gira.

"Yaro, lafiya bakinka yake haka?"

"Lafiya lau, Baba. Na sha wani abu ne. Kullum ina shawa, shai zan ci abinci nake bari."

Baba ya miƙe a hankali. "To, madalla da ka faɗi gaskiya. Ka gaida gida."

Daga ranar aka hana Auta ɗaga wayarsa. "Ba zan ba ɗan shaye-shaye 'yata ba," in ji Baba, "da bakinsa ya faɗa." Ta yi rantsuwa, ta yi bayani, ya ce so ne ya rufe mata ido. Lauya kuwa ya ƙara yawan zuwa.

Kwana tara tana zuwa shago kamar a mafarki. Tana jin takunsa a saman bene, yana kai da kawowa. A rana ta goma ta tarar da takarda a ƙarƙashin ƙofa: "Haskena, na sa nake nufi. Harafi ɗaya zai raba ni da ke. Ki roƙar mini Umma minti biyu kawai."

Umma ce ta buɗe masa ƙofa da kanta. Ya durƙusa gaban Baba, ya juya gefe cikin ladabi, ya zare robar ya ajiye a ɗan akwatinta, ya miƙa.

"Baba, wannan nake sawa. Ban taɓa shan komai ba sai ruwa da shayi."

Kowane harafi ya fita tas. Baba ya ɗaga akwatin saitin taga yana juya shi.

Umma ta ƙyalƙyale da dariya. "Malam, ka manta shekarar da aka sa maka haƙoran gaba? Wata guda kana tara ɗalibai kana cewa su yi shahu."

"Ke dai ba kya mantuwa," in ji Baba, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi. Ya mayar wa saurayin akwatinsa. "Mayar da abinka, kada aikin likita ya lalace. Na zalunce ka, ka yafe mini. Ka turo manyanka."

Bayan wata biyar aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Baba ya riƙe hannunta ya daɗe bai saki ba, sannan ya ɗora shi a kan na angon.

"Ku riƙa sauraron juna har ƙarshen magana," ya ce. "Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku zuri'a mai albarka."

Auta ta ce amin a ƙarƙashin mayafi, ta ji yatsun mijinta sun matse nata.