Ƙwaryar da Halliru Ya Shanye

Mai karatu, maza nawa ka sani da za su iya ɗaukar ƙwaryar maganin haihuwa a gaban dangi su ce tasu ce?

A Goronyo, zamanin mulkin Turawa, an yi wani manomin albasa, Halliru. Shekara bakwai da aurensa da Kyauta, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Duk sati mahaifiyarsa, Inna Habi, sai ta kawo mata jiƙon saiwa mai ɗacin tsiya. Kyauta ta shanye, ta yi godiya, ta zagaya bayan rumbu ta share hawaye.

Halliru yana gani, abin yana cinsa, don akwai maganar da ya binne a ciki. Shekarar da aka kwashe su aikin tilas na haƙar kuza, hangum ya kama shi har ya sauka a marainansa. Malamin asibitin can ya gaya masa ruwan haihuwarsa ya yi rauni, samun ɗa zai yi wuya. Kunya ta rufe masa baki.

Ran nan Inna ta kira Kawu Attahiru daga Wurno, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Ta dire ƙwarya gaban Kyauta, ta ce wannan ce ta ƙarshe, in ba ta yi aiki ba takardar saki ce magani.

Kafin Kyauta ta miƙa hannu, Halliru ya ɗauke ƙwaryar ya kafa kai. Sai da ya ga gindinta ya ajiye.

Inna ta ce, "Kai, mi kaka yi haka? Na mata na!"

"Inna, shekara bakwai kina ba mai lahiya magani, ga majinyaci zaune. Ni na."

Ya zayyana musu komai, kansa a sunkuye. Sannan ya ce da Kyauta ya zalunce ta da shirunsa, in tana son tafiya ba zai tare mata hanya ba.

Kyauta ta ɗauki ƙwaryar ta kife. "Na sha ɗaci ban san dalili ba na zauna, yanzu da nis sani za ni tahi?"

Kawu Attahiru ya gyara rawani, ya ce shi dai bai zo raba aure ba, namiji ya zo gani, kuma ya gani.

Da kaka ta yi, Mode, yayan Kyauta, ya kawo musu 'yarsa Kaltume yaye daga garin Rara, ya ce riƙo ne har aure. Inna da kanta ta goya ta.

Gaskiyar miji ita ce rufin asirin matarsa. Yau ga asibiti kusa, ba kamar zamanin Halliru ba. Don Allah, in haihuwa ta yi jinkiri a gidanka, kada ka tura matarka ita kaɗai, ka tashi ku tafi tare a duba ku.