Rini a Bayan Kicin

Aikin maigidan rini ne, amma ba na tufa ba. A ɗakin gwaji na asibiti ake kawo masa tsokar jikin mutum, ya yanka ta siririya kamar ɓawon albasa, ya ɗiga mata shuɗi da ja, ya leƙa ta a madubin likita. Duk abin da madubin bai nuna masa ba, a wurinsa shirme ne. Da ya fara ɗauko aiki zuwa gida, a lungun bayan kicin yake watsa ragowar rinin.

Wata magariba gida ya yi tsit, matarsa na kwashe shanya, sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Wani dutsen ya biyo baya. Maigida ya ɗauki ɗaya, ya ji shi a jiƙe da shuɗi.

"'Ya'yan maƙwabta ne," ya ce, ya ja tsaki.

Kashegari 'yarsu Auta ta daina magana. Tana zaune bakin ƙofa tana yi masa kallon banza, tafin hannunta shuɗi, alhali ba ta taɓa kwalabensa ba. Ya ɗebi jininta ya duba, bai ga komai ba. Matarsa ba ta nemi izininsa ba, ta kira malam.

Malam ya daɗe yana karatu kafin muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

"Malam, bar wahalar da maƙogwaronka. Tambayi wannan mai leƙe-leƙen, wa ya mai da shimfiɗar jikokina bola?"

"Bai san kuna wurin ba," in ji malam.

"To me ya sani? Yana ganin abin da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta, bai ga maƙwabci ba!"

"Me za a yi ki saki yarinyar?"

"Ya kwashe ƙasar lungun da hannunsa, a durƙushe. Daga nan mu tashi. Ba karatunka ya kore ni ba, zama da ƙazami ne ya ishe ni."

Maigida ya durƙusa ya kwashe, matarsa na riƙe masa fitila. Auta ta yi atishawa, ta ce, "Baba, ƙishirwa."

A wurin aiki ya ce zazzaɓi ne ya kama ta. Amma har yau, ko ruwan wanke gilashi zai zubar, sai ya waiga, in ba kowa, ya raɗa: "Gafara dai."