Tsagar Mandolin ɗin Yaya Lunis

Yaya Lunis, kai da ka ce kada a taɓa tsagar nan, ji abin da ya biyo baya.

Bayan addu'ar arba'in ɗinka na sauko da mandolin ɗinka, abin kiɗan nan mai tsirkiya, daga kan kabad. Ya girmi Baba. Fuskarsa sassaƙa ce, mai ɗan tudu kamar ƙirjin tantabara, fentin ya koɗe inda hannunka ke gogawa. Cikin ramuka biyun da sauti ke fita, tsagar tana kusa da na hagu. Ita ke ba da amon nan na ƙasa, kamar wani na raka ka da murya a hankali. Ni dai ciwo na gani a jikin abinka, na kasa jurewa. Na kai wa Ammi Rabah mai gyaran kayan kiɗa.

"Yayanka ya sha hana ni," in ji shi. "Sai kai, da ko tsirkiya ba ka iya ɗaurewa ba!" Amma ya ɗura gam, ya kafa 'yan katakai ta ciki, ya matse.

Ranar da na dawo da shi, Inna na murza kuskus, magariba na sauka a kan garinmu Bejaya, teku ya yi tsit. Sai tsakuwa ta faɗo tsakar gida. Sai wata. Ba kowa a saman gidajen maƙwabta. Daga ɗakinka muka ji ana ƙwanƙwasa itace, a hankali, a hankali. Ƙanwarmu Zahiya ta saki tire, ta dafe ƙirji, ta ce an toshe mata numfashi.

Kullum in rana ta faɗi, haka ake yi. Zahiya ta daina cin abinci. Inna ta kira Si Mukran, malamin unguwa. Ya sa turare, ya yi karatu har muryarsa ta dushe. Sai bakin Zahiya ya buɗe da muryar da ba tata ba. Na san ta, Yaya. Amon nan ne.

"Wane ne kai?" Si Mukran ya tambaya.

"Maƙwabci. Ina cikin itacen tun yana bishiya. Lunis na kiɗa, ina amsawa. An liƙe ƙofa ina waje, iyalina na ciki."

"Ga ramuka biyu a buɗe."

"Kai ta taga kake shiga gidanka, malam?"

"Me kake so?"

"A buɗe mini. Ƙanin nan nasa ya koyi kiɗa in ci gaba da amsawa, in na gaji in huta a jikin yarinyar."

"Ba ka da masauki a jikinta. Kwashi iyalinka ka tafi."

"To, da muryata zan tafi."

Si Mukran ya miƙo mini wuƙa. Na tsaya, Yaya. Zahiya na shure-shure, Inna na kiran sunana, ni kuwa ina kallon itacen, ina tunanin abin da ya rage mini naka ke nan. Daga baya na bi tsagar da tsinin wuƙa. Wata iska mai sanyi ta bi ta yatsuna. Zahiya ta buɗe ido ta ce, "Inna, yunwa."

Ta warke. Mandolin kuwa yanzu ƙararsa kamar gwangwani. Da magariba nakan rufe ɗaki in taɓa tsirkiya, in saurara. In Zahiya ta yi tari a kicin sai gabana ya faɗi, kuma ba don tsoro ba, don sa ran jin amon nan ne. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.