Igiyar da Chisala Ya Ja

Ranar da Mwelwa ta fara ganin Yotamu, kokawa yake yi da amalanke a ƙofar ofishin wata mahaƙar tagulla a arewacin Zambiya, tayar ta faɗa kwata. A kan amalanken akwai wani akwatin ƙarfe mai nauyin buhun masara, da ɗan allo kore da maɓallai, da rakodar kaset ɗaure a gefe.

"Malam, gawa ka ɗauko?" in ji ta.

"Da gawa ce da ta fi sauƙi. Taimaka ki kama nan."

Daga jin harshensa ta gane Bangoni ne, ɗan wata ƙabila daga gabas, abokin wasansu su 'yan ƙabilar Bemba.

"Au, maci-ɓera ne ashe! Shi ya sa ba ƙarfi."

"Ke da kuka cinye biran dajinku, nuna mini naki."

Suka ciro tayar suna dariya.

A shekarun tamanin ne, lokacin da aka fara kafa na'urorin da ke kunna injuna da kashe su da kansu. Yotamu ke rubuta musu umarni da wannan tsohon akwati, wanda tuni masu ƙera shi suka daina yin irinsa. Sai ya tura shi har gindin inji, ya jona waya, ya tsuguna cikin ƙurar dutse yana danna umarni layi-layi. In ya gama ya naɗe a kaset. In rakoda ta tauna kaset ɗin, aikin ya koma farko.

Mwelwa mai buga takardu ce a ofis, yatsunta kamar walƙiya. Da hutun rana takan zo ta taya shi, yana karantowa tana dannawa. Wata rana ta tarar ya bar mata rubutu a allon, da manyan baƙaƙe, don akwatin bai san ƙanana ba:

MWE KIN CI ABINCI? NI DAI TUN DA NA GAN KI BA NA JIN YUNWA.

Ta rufe baki tana dariya, ta rubuta a ƙasa:

ƘARYA. NA GA KA DA ROGO. AMMA NA JI DAƊI.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, Baba Kangwa, bai yi dariya ba. A da shi ne yake tsaron bel ɗin da ke jan dutse zuwa injin niƙa, har aka kawo na'urar aka sallame shi.

"Wanda akwatinsa ya cinye mini aiki shi zai zo ya ɗauke mini 'ya? Ga Kapembwa nan, shugaban ma'aikata, mun san gidansu."

"Baba, ba shi ya sallame ka ba."

"Na gama magana."

Yayanta Chisala kaɗai ke goyon bayanta. Shi ma a bel ɗin yake aiki, yana kwashe dutsen da ya zube. "Bar tsoho ya huce, ƙanwata," yakan ce. "Ni zan shawo kansa."

Damina ta sauka, tsawa ta ɗauke wuta. Batirin da ke riƙe wa na'urar ƙwaƙwalwa ya daɗe da mutuwa, Yotamu ya yi ta roƙon sabo ana ce masa sai an yi odarsa daga waje. Da wuta ta dawo, na'urar ta manta komai. Ya sa kaset, danshi ya lalata shi. Ya zauna ya fara dannawa daga layin farko.

Manaja ya tsaya a kansa. "Yaushe za ka gama?"

"Sai gobe, ranka ya daɗe. Kada a tada bel kafin nan. Igiyar da ake ja a tsayar da shi in an yi haɗari, ta cikin na'urar take bi."

Manaja ya juya ya tafi. Da la'asar Yotamu ya ji ƙasa na rawa a ƙarƙashinsa. An jona waya kai-tsaye, an tsallake na'urar, an tada bel. Ya watsar da komai ya ruga, amma kafin ya isa ihu ya riga shi. Bel ya kama hannun rigar Chisala. Waɗanda ke wurin sun ce ya ja igiyar, ya sake ja, bel bai tsaya ba.

Kafin a kai gawa gida, magana ta cika unguwa: akwatin Bangonin nan ne ya kashe yaron Kangwa. Kapembwa ne ya fara faɗin haka, a gidan makokin ma ya faɗa, da hawayensa.

A al'ada abokan wasa ke haƙa wa mamaci kabari. Yotamu ya zo da shebur, ya shiga cikin 'yan gabas. Ba wanda ya yi masa wasa, ba wanda ya kore shi. Ya yi ta haƙa cikin ruwan sama har tafinsa ya fashe. Da aka watse ya tare Mwelwa a bakin maƙabarta.

"Mwe..."

"Kada ka kira ni haka." Idanunta sun kumbura. "Da yatsuna na taya ka danna abin nan. Ka faɗa mini, da hannuna a ciki?"

"Wallahi babu. Ba naki, ba nawa."

"To na wa?"

Ya buɗe baki, sai ga uwarta ta janye ta.

Da aka kafa kwamitin bincike, manaja ya kira shi gefe. "Ka ce na'ura ce ta samu matsala. Na'ura ba a ɗaure ta, ba a korar ta. Kai ma ka zauna lafiya."

Ranar zaman, Baba Kangwa na kujerar baya, hularsa a gwiwa. Yotamu ya miƙe. Ya ce na'urar a kashe take, shi ke zaune a gabanta. Ya faɗi wanda ya ba da umarni, ya faɗi wanda ya ɗaura wayar. Kapembwa ya sunkuyar da kai.

Kwamiti ya rubuta cewa tsautsayi ne. Aka mayar da Kapembwa wani sashe, manaja ya ci gaba da aikinsa. Yotamu aka sallama, wai ya yi sakaci da kaset.

Yana ɗaure kayansa a ɗakin gwauraye ya ji sallama. Mwelwa ce a ƙofa, ta rame, mahaifinta na bayanta.

"Ina za ka?" in ji tsohon.

"Gida, Baba. Har garin Ndola na nemi aiki, sun ce sun ji labarina."

"Ka san za su kore ka, ka faɗa?"

"Na sani."

Tsohon ya cire hularsa. "Ɗana ya ja igiya. Da ba ka yi magana ba, da na mutu ban san wanda ya hana ta aiki ba." Ya share fuska da hula. "Ka turo manyanka."

Mwelwa ta matso ta kama hannunsa mai tabo. "Ka yafe mini, nawa."

"Ban taɓa riƙe ki ba, Mwe."

Bayan kwanakin makoki sun wuce aka ɗaura aure a ƙaramin cocin unguwa, ba kiɗa, ba rawa. Yotamu ya koma gyaran rediyo a kasuwa, ko kwat ba shi da ita. Da safen bikin uwar amarya ta kira shi ɗaki, ta fito da wata baƙar kwat sabuwa fil, wadda Chisala ya ɗinka don nasa auren. Da kanta ta sa masa. Hannuwan sun yi masa tsawo, ta tsaya tana naɗe su, hawaye na sauka a kan yadin.

A ƙofar coci Baba Kangwa ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kafaɗar kwat ɗin.

"Allah ya ba ku zaman lafiya," ya ce. "Allah ya sa ku za ku binne mu."

Jama'a suka amsa da amin.