Wayar Da Ta Shiga Ita Kaɗai

Da hantsi aka kira Sufeto Sambo, aka ce ana jifan wani gida a Kinkinau. Kafin motar sintiri ta iso matasan sun watse, sun bar duwatsu a ƙofa da tagar da ta farfashe. A jikin bango an rubuta "Gidan Renon Yara Na Anti Nafisat", wani ya bi rubutun da gawayi.

Nafisat na zaune a falo tsakanin ƙananan kujeru da babu kowa a kansu. Ma'aikatan gwamnati ne ke kawo mata 'ya'yansu da safe, su ɗauka da la'asar. Yau ko ɗaya ba a kawo ba.

"Yallaɓai, cewa aka yi ina ɗura wa yara maganin tari don su yi barci," in ji ta. "Wallahi ko farasitamol ba na bai wa ɗan wani sai na kira uwarsa."

"Wa ya ce?"

Ta miƙa masa wayarta. Hotunan rubuce-rubuce ne da ta ɗauka daga Zauren Iyaye, wani shafin intanet da iyayen unguwa ke hira a ciki. Sunan mai rubutun kullum sabo, amma bakin ɗaya ne. Na ƙarshe ya ce, "Ku je ku tambayi baiwata abin da ke cikin kwalbar." Sufeto ya ɗauka baiwar Allah aka so rubutawa yatsa ya zame, sai ya wuce wurin. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne hukumar da ke sa ido kan gidajen renon yara ta aiko cewa ranar Litinin za ta rufe gidan, in ba a wanke matar ba.

Mai shafin, Shamsuddeen, yana da shagon gyaran kwamfuta a Babbar Kasuwa, can Sufeto ya same shi. Mutum ne mai son bayani, irin wanda za ka tambaya ƙarfe nawa ya ba ka tarihin agogo.

"Ka san mutumin?" in ji Sufeto.

"Ban san shi ba, ranka ya daɗe, amma na sha korarsa. Duk wanda ya shigo shafi yana zuwa da lamba, ana ce mata adireshin IP. Kamar adireshin da ake kawo maka amsa ne. In na toshe lambar, ƙofa ta rufe masa."

"To ya yake dawowa?"

"VPN yake kunnawa. Manhaja ce da ke ara maka lambar wata ƙasa. Yau in gan shi daga Jamus, in toshe, gobe ya ɓullo daga Kanada da sabon suna. Na gaji, wallahi."

"Mutumin Jamus da ya san launin labulen Kinkinau," Sufeto ya ce, ba tare da ya yi dariya ba. "Bai taɓa yin kuskure ba?"

"Shekaranjiya ya yi. Ina jin manhajar ta katse masa bai lura ba, sai ga lambar Kaduna tsirara. Ba ta datar waya ba ce, waccan tana yawan canzawa kuma mutane da yawa ke kanta. Wannan ta waifai ce ta gida, irin mai daɗewa. Nan take na toshe ta."

"Lambar za ta faɗa mini sunansa?"

"A'a. Gida take nunawa, shi ma sai kamfani ya faɗa, kamfani kuma sai da takardar kotu."

Takardar kotu kafin Litinin, wannan kam Sufeto ya san mafarki ne. Ya miƙe ransa a jagule, har ya kai bakin ƙofa Shamsuddeen ya ce, "Af, ita ma Antin ta kira ni jiya, wai shafin ya ƙi buɗe mata. Ban samu na duba ba tukuna."

Sufeto ya juyo a hankali.

"Ka toshe lamba ɗaya, washegari mai ƙara ta kasa shiga. Malam, bai ba ka mamaki ba?"

Shamsuddeen ya dafe kai ya ce, "Ashe lambar gidanta na toshe."

Bayan azahar Sufeto ya koma Kinkinau da mugun zato a ransa, don ya taɓa ganin masu ƙulla wa kansu sharri don neman tausayi. Bai ɓoye mata ba.

"Daga gidan nan ake rubutun, Hajiya. Ke ce?"

Nafisat ta dafe ƙirji. "Ni zan kira a jefe ni?"

"Su wa ke hawa waifanki?"

"Ni, sai Turai da ke haya a ɗakin baya, sai Kabir ɗan kawuna. Gidan kakanmu ne, shi yana ɗakin zaure."

Aka kira Turai, malamar firamare ce. Ta rantse ba ta taɓa shiga shafin ba, sannan da Sufeto ya ƙura mata ido ta ce to, tana leƙawa, amma karatu kawai take yi, kuma tun jiya ita ma ya ƙi ta. Ana cikin haka aka yi sallama, wani dogon saurayi mai fararen kaya ya shigo yana kaɗa makullin babur. Kabir ke nan.

"Baiwata, yau babu abincin ubangida ne?" ya ce, kafin ya hango kaki ya haɗiye sauran.

Sufeto ya tuna rubutun nan na ƙarshe. "Me ka kira ta?"

"Wasan taubasai ne, yallaɓai. Ni ɗan namiji ne, ita 'yar mace, ai baiwata ce tun muna yara."

"Ka san Zauren Iyaye?"

"Ni da ko aure ban yi ba? Shekaranjiya ma ina Rigachikun."

"Ban tambaye ka shekaranjiya ba."

Sufeto ya sa duka ukun su ɗora wayoyinsu a kan teburin yara, kowa ya kashe data ya hau waifan gida, ya buɗe shafin. Ta Nafisat ta ce an toshe. Ta Turai ta ce an toshe. Ta Kabir ta ɗan yi juyi, sai ga shafin ya buɗe tar, da ɗan hoton makulli a saman gilashin, alamar VPN na kunne, da kuma sabon sunan da ya shiga da shi, "Uba Mai Kishi".

"Ka ga, tawa lafiya lau," Kabir ya fara cewa, sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

"Gida ɗaya, lamba ɗaya, an rufe wa kowa ƙofa," in ji Sufeto. "Kai kaɗai ka shiga, don kai kaɗai ke da dalilin aron lambar wata ƙasa."

Kabir ya zauna a kan ƙaramar kujera, gwiwoyinsa har haɓa. Ya ce dangin yarinyar da yake nema sun ce ba za su kawo 'yarsu ɗakin zaure ba. Ɗakunan gidan kuwa duk yara sun cinye. Ya ɗauka in iyaye suka janye, Nafisat za ta rufe da kanta, shi kuma ya samu ɗaki.

"Ban ce a yi jifa ba. Wallahi da wasa na fara."

Wannan kalma ta fi komai ɓata wa Sufeto rai. Ya yi wa kofur ɗin da suka zo tare alama, aka sa ankwa. Ya ce wa Nafisat Shamsuddeen zai buga gaskiya a shafin kafin magariba, shi kuma da kansa zai kai rahoto hukuma. Ko iyaye za su dawo da 'ya'yansu, wannan bai yi alkawari ba, don bai sani ba.

Nafisat ta bi su har zaure. Ba ta yi kuka ba, kuma hakan ya fi kukan ciwo.

"Kabiru," ta ce, "ranar da aka saka waifan nan, ni na karɓi wayarka na rubuta maka lambar sirrin da hannuna. Da ɗaki ka ce kana so, ai da shi ma na ba ka."

Bai ɗago ba. Kofur ya ja shi suka wuce ta kan duwatsun da har yanzu ba a kwashe ba.