Motar da Ta Ƙi Fita da Ruwaida

Ke Kamila, wa ya aike ki? Yarinya ba ki iya dafa ruwan zafi ba, amma kin iya tambayar dalilin da ya sa ake shigo da motar gidan nan da baya. Da magariba kuma. To tunda kin tambaya, ku zauna, kuma kada wanda ya katse ni.

Kun san lungun nan namu na Kwaciri ba ya juya mota. In ta shigo da gaba, sai dai ta fita da baya. A wurin da take kwana yanzu, da can wata tsohuwar motar kakanku ce, ta mutu ta zauna a kan duwatsu shekara da shekaru. A cikinta gwaggonku Ruwaida ta yi ƙuruciya. Takan riƙe sitiyari ita kaɗai tana hira, tana tambayar kujerar gefe inda za a sauke ta. Muna dariya. Da ta girma, babanta, wato kakanku Ari, ya sayar wa 'yan gwangwan gawar motar, ya sayo wata mai giyar hannu don kai atamfa shago a Fagge. Ciwon ƙafa ya hana shi taka kuloci, sai Ruwaida ta karɓa. Ƙawarta Chinenye, 'yar Okechukwu bakanike na Sabon Gari, ita ta koya mata tuƙi, kuma kullum ita ce a kujerar gaba.

Wata rana da yamma, rana ta yi ja, kaji sun fara shiga akurki, Ruwaida ta shiga mota za ta mai da Chinenye gida. Ta taka kuloci, ta ja giya zuwa ribas. Sai wata ƙara, kamar ana niƙa tsakuwa. Ta sake. Giyar ta ƙi shiga. Sai ga dutse ya faɗo a kan rufin motar, daidai saitin inda Chinenye take zaune. Babu yaro ko ɗaya a lungun.

Matan gida suka fara salati suna cewa a kira malam. Na ce babu malamin da za a kira sai bakanike ya gama nasa. Ƙarfe ne, a fara tambayar mai ƙarfe.

Okechukwu ya zo da safe. Ya ce ribas dama giya ce mai gardama, ba ta shiga sai komai na ciki ya tsaya cak. Ya koya mata ta taka kuloci har ƙasa, ta ɗan jira, ta sa lamba ɗaya tukuna sannan ta dawo ribas. Ya duba man kuloci ya tarar ya yi ƙasa, ya cika, ya fitar da iskar da ta shiga. Ya canja man giya, ya ɗaure sandar giyar da ta yi sako-sako. A hannunsa ribas ta shiga kamar cokali a cikin kunu. A garejinsa ma, a hannun Ruwaida, lafiya lau. Amma da ta dawo lungun nan ta so fita, sai ƙarar nan. Ya goge hannunsa ya dube ni.

"Mama, nawa ya ƙare. Wannan ba motar ba ce."

Daga nan abin ya shigo cikin gida. Duk magariba sai jifa. Duk ranar da Chinenye ta zo gaisuwa, sai an tarar da takalmanta a kwata. Ruwaida ta daina ci, ta daina fita. Da yamma ta yi sai ta je ta zauna a ƙasa kusa da tayar mota tana magana ƙasa-ƙasa, da muryar yarinya ƙarama. Ranar da ta kalli Chinenye ta tofa mata yawu, ƙawar da suke cin kwano ɗaya, ni da kaina na aika a kira Malam Sammani.

Ya zo bayan la'asar. Ya zauna a tabarma ya fara karatu, a hankali, bai ɗaga murya ba. Inuwa ta cinye tsakar gida. Can jikin Ruwaida ya sandare, bakinta ya buɗe, wata murya ta fito, siririya, mai kuka a ciki.

"Ni na raine ta. Kullum ni ce a gefenta, ta kai ni Makka, ta kai ni Maiduguri. Kun sayar da motar da take gidana, ban ce komai ba. Sai na ga ta ba wata kujerata."

Malam ya tambaye ta ko ita ke riƙe giyar. Ta ce ita ce, don in ta bar ribas ta shiga, Ruwaida fita take yi ta bar ta a tsakar gida, ta tafi tana dariya da waccan. Ta ce a dawo mata da tsohuwar motar. Malam ya ce an narkar da ita. Ta ce to a hana Chinenye gidan. Malam ya ce ba ita ke da gidan ba. Ta ce a bar mata kujerar gaba har abada. Malam ya ci gaba da karatu, ta yi ta ihu har muryar ta dushe.

Da ta sake magana, ko ni sai da na ji tausayinta.

"To ta raka ni. Baƙo ma ana raka shi. Sau ɗaya, a gaba, da motar da ke tafiya da gaske."

Malam ya ce rakiya ba kyauta ba ce, ya yarda, bisa rantsuwar ba za ta dawo ba. Ta rantse.

Da Ruwaida ta farfaɗo, ta shiga mota. Ni da Malam muka zauna a baya. Kujerar gaba babu kowa, amma na ga katifarta ta lotsa. Ruwaida ta taka kuloci, ta jira, ta sa ɗaya, ta dawo ribas. Giyar ta shiga ba ko tari. Muka tafi har bayan gari. A wani fili Malam ya ce a tsaya. Ruwaida ta miƙa hannu ta buɗe ƙofar gefe, tana hawaye. Katifar ta taso. Ta rufe ƙofar.

Washegari Chinenye ta zo, ta tsaya tana kallon kujerar. Na ce ta shiga ta zauna, tata ce.

Amma ni ban yarda da rantsuwar mai kishi ba. Tun ranar na kafa doka: a shigo da mota da baya, hancinta na kallon titi. Ko ta dawo, ta riƙe ribas ɗin ta gani, da lamba ɗaya za mu fita.

Kin ji amsarki, Kamila. Ku tashi ku wanke ƙafa ku kwanta. Kuma wanda na sake kamawa yana wasan tuƙi shi kaɗai a cikin motar nan, sai na karya masa hannu.