Zuma, Karen Babana

"Ummi ta ce halas, magana ta ƙare, ba za ta haɗa zuri'a da gidan da ake kiwon kare ba."

Jabiru bai iya kallon idona ba da ya faɗi haka. Muna zaune a barandar gidanmu bayan la'asar, yana ta jujjuya makullin motarsa.

"To yanzu me kake so a yi, Yaya Jabir?"

"A fitar da shi kafin a sa rana... Wallahi Rabi'atu, ba a son raina ba."

"Ka san abin da kake nema kuwa?"

"Na sani, ya habibti. Amma uwata ce."

"Ni kuma ubana ne."

Wanda ake rigimar a kansa yana kwance a gindin darbejiya, yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

Duk wanda ya fara ganin Zuma sai ya yi dariya. Uwarsa irin manyan karnukan nan ce masu gashi ruwan zinare, waɗanda ke ɗauko wa maharbi tsuntsun da ya harbo. Ubansa kuwa ɗan gajeren karen makiyaya ne mai kora shanu. Zuma ya ɗauko gashin uwar da sanyin halinta, ya ɗauko ƙafafun uban da nacinsa. Ga doguwar gangar jiki, ga ƙafafu 'yan dugul-dugul, cikinsa kamar zai share ƙasa. Kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance.

Babana, Injiniya Mahmud, ya daɗe yana aiki a kamfanin tace ruwan teku a Jidda, muna zaune a rukunin gidajen ma'aikata kusa da unguwar Ruwais. A shekarar da mahaifiyata ta rasu ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Likitoci suka ce zai iya takawa in ya dage. Baba ya ƙi. Sai ya wuni a kujera yana kallon bango.

Ana haka wata Baturiya maƙwabciyarmu za ta koma ƙasarsu, ta roƙe mu mu riƙe mata karenta kafin a sami mai ɗauka.

Washegari Zuma ya ɗauko sandar Baba da bakinsa, ya ajiye a gabansa, ya zagaya yana tura dunduniyarsa da hanci. Baba ya daka masa tsawa, karon farko da na ji muryarsa da ƙarfi cikin watanni. Zuma ya ja da baya kaɗan, ya dawo. Kullum haka, har wata safiya Baba ya miƙe, wai don dai ya rabu da fitina. Daga baranda zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa masallacin unguwa, Zuma na biye da shi, in ya tsaya ya zungure shi. Baba da kansa ya raɗa masa suna. Ya koya masa iyakarsa tsakar gida, kuma bai taɓa tsallake bakin ƙofar ɗaki ba.

Jabiru ya san duk wannan. Haifaffen unguwar Nuzla ne a nan Jidda, yana da shagon yadi a kasuwar Bab Makka, can muka haɗu. Ranar da ya fara zuwa gidanmu, kan mota ya haye da ya ga Zuma. Daga baya shi ke zuwa masa da ƙashin rago a leda.

Ban san Baba ya ji rigimarmu ta taga ba.

Kwana kaɗan bayan haka na je asibiti karɓo masa magani. Da na dawo, ba wanda ya tare ni a ƙofa. Kwanon ruwan ma babu shi a gindin bishiya.

"Baba, ina Zuma?"

"Zauna, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. "Na sa Jabiru ya kai shi Obhur, can bayan gari, wajen Usuman abokin aikina. Suna da fili, suna da yara."

"Baba... me ya sa?"

"Yaron nan mutumin kirki ne. Sai da na rantse masa kafin ya yarda ya ɗauke shi. Ba zan zauna ina kallo ki rasa shi saboda ni ba."

"Kai fa?"

"Ni ai na warke."

Na kifa kaina a gwiwarsa na yi ta kuka, yana shafa kaina da hannunsa mai lafiya.

Ashe bai warke ba. Da farko ya ce gwiwa ce ke damunsa, zai yi salla a gida. Daga nan ko baranda sai na lallaɓa shi yake fitowa. Sandar ta koma bayan ƙofa. Jabiru ya yi ta kiran wayata, na ƙi ɗauka. Ina son sa, son da ke hana ni cin abinci, amma duk sanda na dubi Baba sai in ji ba zan iya jin muryarsa ba.

Ranar wata Juma'a da yamma sai ga mahaifiyarsa, Hajiya Maiturare, da dabino da turaren wuta. Tunda an cika mata sharaɗi, ta zo gaisuwa. Jabiru ya tsaya a mota.

Ta tarar da Baba a baranda, na ajiye masa shinkafa da nama. Ya yunƙura zai miƙe ya tarbe ta, ya kasa, ya koma ya zauna.

"Yi zamanka, Alhaji. Ya ƙarfin jiki?"

"Alhamdu lillahi, Hajiya. Da sauƙi."

Suna cikin gaisawa, Baba ya tsinke tsokar nama, ya sauke hannunsa gefen kujera. Ya daɗe a haka. Can ya tuna Zuma ba ya nan, ya mayar da naman cikin faranti, ya ture shi gefe.

Hajiya ta gani. Ta juyo gare ni.

"Rabi'atu, Jabir ya ce min Alhaji da ƙafarsa yake zuwa masallaci."

"Da yana zuwa, Umma."

"Tun yaushe ya daina?"

Na juya na dubi gindin darbejiya, inda Zuma ya saba kwanciya.

Ta ja carbinta. Sannan ta ce, "Ni na yi jinyar mahaifin Jabir har Allah Ya karɓi abinSa. Na san fuskar mutumin da ya daina ƙoƙari." Ta ɗaga murya. "Ya Jabir, taho nan."

Ya shigo da sauri, ya durƙusa.

"Yalla, je ka ɗauko shi."

"Wa, Ummi?"

"Kar ka sa in kira sunan kare da bakina."

Baba ya ce, "Hajiya, kada ki takura kanki..."

"Ba a faɗa min gaskiyar abin ba ne, Alhaji. Ce min aka yi kare. Ba wanda ya ce min ƙafafunka ne."

Dab da magariba motar ta tsaya a ƙofa. Zuma bai jira a sauke shi ba. Ya diro, gajerun ƙafafun suka gaza shi, ya mirgina a ƙasa, ya tashi ya sheƙo da gudu. Ya rame. Jabiru ya ce Usuman ya gaya masa kullum a bakin ƙofa yake kwance, da ƙyar yake taɓa abinci.

Ya sa kansa a kan ƙafar Baba yana wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa, duk jikinsa na rawa. Baba ya riƙe kunnensa yana shafawa.

Hajiya ta tattare abayarta, ta naɗe ƙafafunta kan kujera.

"Wannan ne? Ya salam... to ina aka baro sauran ƙafafunsa?"

Dariya ta kuɓuce min cikin kuka. Aka kira salla. Baba ya ce in miƙo masa sandarsa. Ya dafa ta, ya yunƙura, ya koma. Zuma ya zagaya bayansa ya tura. A yunƙuri na gaba Baba ya tsaya cak a kan ƙafafunsa.

Hajiya ta goge idonta da gefen mayafi.

"Kar ya shiga ɗaki, kar ya matso kusa da ni. Shi ke nan sharaɗina. Kuma Jabir zai nemi gida nan kusa, yarinyar nan ba za ta yi nisa da ubanta ba. Alhaji, a sa rana."

Jabiru ya matso gefena, ya rage murya.

"Rabi'atu na... kin yafe min?"

"Ka yi nisa da ni da yawa, Yaya Jabir."

"Ke ce kika ƙi ɗaukar waya, ya ruhi."

"To na ɗauka yanzu."

Bayan aikin hajjin shekarar aka ɗaura mana aure. An kawo mota har ƙofa don a kai Baba masallaci, ya ce a mayar da ita. Da ƙafarsa ya taka, ba wanda ya riƙe shi, ya zauna a sahun gaba ya ba da aurena da bakinsa.